Wando da sunayensa: Darussa daga shagon wani tela a Jabal Awliya

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya san Jabal Awliya, ko da cin kifi ne kawai ya kai shi. Garin yana kudu da babban birnin, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, a bakin Farin Nilu. Abin da ya fito da sunansa shi ne madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1933 da 1937. Masar ce ta biya kuɗin aikin, domin a tare mata ruwa idan kogi ya cika, a sakar mata idan rani ya tsananta, kuma sai a 1977 ta miƙa madatsar ga gwamnatin Sudan. Kafin yaƙin, ranar Juma'a motoci kan yi jerin gwano daga Kalakla, iyalai su shimfiɗa tabarmi a bakin ruwa, masu suya suna ta juya karfasa da giwan ruwa a manyan kasake.

Ni keken ɗinki ne ya zaunar da ni a garin. A Fagge na tashi, unguwar da ƙarar keke ba ta yankewa, kuma na iya ɗinki tun kafin in gama sakandare. Da na je karatu Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartum, kuɗin da ake aiko min daga gida ba sa kai ni ƙarshen wata. Sai wani abokin karatu ya haɗa ni da wani dattijon tela, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka baro ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, daga baya mahaifinsa ya gangaro Jabal Awliya. Mutanen gari Usɗa suke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane gwanin sana'ar hannu a can. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min ɗana. A shagonsa nake yin hutu, kuma aikin da ya fi damƙa min shi ne na wando. Ga abin da na ɗauka daga wurinsa.

Darasi na farko: ba a sa almakashi a kan suna

Da harsuna uku ake ciniki a shagon. Tsofaffi su ce sirwal, wato faffaɗan wando mai mazagi da ake sawa a ƙarƙashin jallabiya, ko a haɗa shi da 'yar rigar nan mai tsayawa a gwiwa da suke kira aragi. Ma'aikata da 'yan makaranta su ce banɗalon, wandon Turawa mai zif da maɓalli da wurin zura bel. Samari kuwa, musamman masu 'yan'uwa a Riyad ko Landan, da sunayen Ingilishi suke zuwa a baki, da hoto a waya.

Shi kansa Ingilishin bakinsa bai zo ɗaya ba. Abin da mutumin Ingila yake kira trousers, Ba'amurke pants yake ce masa, alhali a Ingila da nan Najeriya idan aka ce pants kamfai ake nufi. Wandon nan na makanikai mai ƙirji da igiya a kafaɗa, a Ingila dungarees ne, a Amurka overalls. Chinos wandon auduga ne mara nauyi, cargo mai manyan aljihuna a cinya, joggers na motsa jiki mai roba a idon sawu. Leggings matsattse ne mai talewa wanda ya tsaya a idon sawu, tights kuwa safa ce da ta rufe ƙafa ta haura har ƙugu. Mutum biyu za su faɗi kalma ɗaya, kowa da hoton da ke kansa.

Baba bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, kuma ban taɓa ganin an dawo masa da wando don ya ɗinka abin da ba a nema ba. Wata rana wani saurayi da ya dawo hutu daga Amurka ya shigo da yadi mai tsada, ya ce, "Ya Usɗa, pants nake so, irin na ofis." Baba ya juyo ya ce min, "Ɗana, bar shi da Turancinsa. Ce masa ya koma gida ya kawo wandon da ya fi jin daɗinsa a jiki." Da ya kawo, Baba ya shimfiɗa shi a tebur, ya auna ƙugu, mazaunai, cinya, gwiwa, bakin ƙafa, tsawo da hantsa. Sannan ya tsayar da saurayin ya sake auna jikinsa, ya tambaye shi a zaune yake wuni ko a tsaye, da wane irin takalmi zai sa shi. Sai da ya gama duk wannan ya ɗauki alli.

Sanin sunayen yana da amfani, domin yana rage dogon bayani, kuma yau ciniki ya koma waya. Telan da bai san bambancin chinos da cargo ba, samari za su wuce shagonsa. Amma sunan mabuɗin magana ne kawai. Mutanenmu da yawa da suke sayen kaya ta intanet sun sha karɓar abin da ba su yi zato ba, saboda sun dogara ga kalma ba su nemi awo da hoto da sunan yadi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Darasi na biyu: a san da wane ma'auni ake magana

A Kantin Kwari da yadi muke saye, a Fagge da inci muke awo. A shagon Baba mita ce da santimita. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da ɗan ɗori, mita kuwa santimita 100 ce cif. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma mita 5 ta kusa yadi 5 da rabi, kuma rabin yadi shi ne bambancin wandon da ya isa da wanda aka yi wa ciko a ƙubaka. Haka lambobin da ke jikin wandon kanti. Jins da aka rubuta wa 32 yana nufin inci 32 a ƙugu, amma wandon da ya fito daga Italiya mai wannan girman, 48 za ka gani a jikinsa. Wanda ya aika a sayo masa "lamba 32" ba tare da ya faɗi na wace ƙasa ba, shi ya jawo wa kansa.

Baba yana da wani tsohon littafi da yake rubuta awon kowa da haruffan Larabci, amma ba ya yanka da tsohon awo. Ko wanda ya shekara ashirin yana kawo masa ɗinki, sai ya sake zagaya masa tef a ƙugu, ya ce jiki ba ya neman izini kafin ya ƙaru. Kuma ba ya yanka damuriya, wato farin saƙin auduga na gargajiya na Sudan, sai ya jiƙa ta ta bushe, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. Wannan ƙa'ida ta bi ni har wajen ɗinki. Ko bashi ne ko jinga ko alkawarin rana, ina tsayawa in tabbatar ni da abokin magana ma'auni ɗaya muke riƙe da shi kafin mu rabu.

Darasi na uku: aikin mutum ne yake yanka masa wando

Masunta suna cikin manyan abokan cinikinmu, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Sirwal ɗinsu daban ne da na liman ko na mai kanti. Baba yakan tsayar da shi kaɗan a ƙasan gwiwa, ya zaɓi yadi mara kauri mai saurin bushewa. Sai ya yanka wani ƙyalle mai kusurwa huɗu ya dasa a hantsa, yadda mutum zai buɗe ƙafa ya taka bakin kwalekwale, ko ya tsuguna yana jan koma, ɗinki bai yage ba. Ba ya sa zif ko maɓallin ƙarfe, don ruwa zai sa su tsatsa. Ƙubaka yake yi mai faɗi, ya tusa mazagi da ɗan siririn itace, ya ninka ɗinkin bakinta sau biyu saboda nan ne ja yake cinyewa. Wandon ba shi da ado ko kaɗan, amma yakan yi shekara a ruwa da rana.

Da na lura sai na ga kowane wando da ya yi suna a duniya haka ya faro. Bujenmu na gida an faɗaɗa shi ne don mahayin doki ya zauna daram a sirdi, aka tsuke bakinsa da kamun ƙafa don kada ya sarƙe a likkafa. Jins, wanda samari suke ɗauka kayan gayu ne, wani tela ne mai suna Jacob Davis a garin Reno na Amurka ya fara buga wa wandunan 'yan ƙwadago ƙusoshin tagulla a bakin aljihu saboda yawan yagewa, ya haɗa kai da mai sayar masa da yadi, Levi Strauss, suka yi rajistar dabarar a 1873. Kaki kuwa sojojin Ingila ne suka ɗauko a Indiya, don launin ƙura yana ɓoye soja a fili. Da shi suka zo Karari ta Sudan a 1898, suka fuskanci mayaƙan Ansar masu jibba mai faci, irin wadda aka taɓa ajiyewa a gidan tarihi na Gidan Halifa a Omdurman. Shekara 5 bayan haka aka ci Kano, kuma har gobe idan Bahaushe ya ce masu kaki an san su wa yake nufi.

Matsalar tana zuwa ne idan aka raba wando da aikin da aka yi shi dominsa. A watan Mayu zafin Khartum yana haura digiri 40, amma za ka ga saurayi a cikin motar haya ya matse kansa a baƙin jins mai kauri, gumi yana tsiyaya, a gefensa tsoho cikin farin sirwal yana shan iska. Akwai kuma maganar salla. Yawancin wandunan kanti an yanka su ne don wanda ba zai yi ruku'u da sujada ba, shi ya sa ƙugunsu yake zamewa, bayan mutum ya buɗe a sahu. Duk banɗalon da Baba zai ɗinka sai ya ƙara masa tsawo ta baya da yatsu biyu ko uku, ya sassauta gwiwa, ko mai shi bai nema ba. Yakan ce wanda zai durƙusa sau biyar a yini ba a yi masa awo a tsaye kawai.

Darasi na huɗu: kada tela ya raina gyara

Tun kafin in je, ɗinkin banɗalon ya ja baya. Dilolin wandunan Sin da Turkiyya sun cika Suƙ Libiya a Omdurman, ga kuma gwanjo, wanda a can suke kira gugu, ana zuba shi a ƙasa kamar yadda ake yi a Ƙofar Wambai. Kuɗin wando ɗaya na gwanjo bai kai kuɗin yadi ba, balle ladan ɗinki. Abin takaicin shi ne Sudan ƙasar auduga ce. Tun 1925 aka buɗe gonakin Jazira tsakanin kogunan biyu, don ciyar da masaƙun Ingila, kuma guminmu yana ciki, domin Hausawa da yawa sun yi ƙwadago a gonakin. Audugar ta fita ɗanya, ta dawo a ɗinke da sunan wani. Mu ma labarinmu ke nan: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun farkon shekarun 2000, wasu da dama suka bi bayanta a Kaduna da Kano.

Teloli da yawa a garin sun sa ƙafar wando ɗaya da gwanjo, suna zaginsa, shagunansu suna mutuwa. Baba ya karɓe shi a matsayin sabon abokin ciniki. Duk wanda ya sayi jins a kasuwa sai ya nemi mai rage tsawo, mai tsuke ƙugu, mai canza zif. Ya koya min in cire siririyar allurar jallabiya in sa mai lamba 18, in canza zare zuwa mai kauri. Idan na zo wurin da ɗinki ya ninku a gefen ƙafa, inda kauri yake karya allura, sai in ɗora shi a kan katako in daddake shi da guduma har ya kwanta, sannan in juya keken da hannu a hankali har in wuce wurin. Aikin ba ya cin rabin sa'a, kuɗinsa a hannu, babu jiran mai kaya ya karɓi albashi. Ɗinkin jallabiya yana da lokacinsa, gabanin Ƙaramar Salla da Babba da lokacin bukukuwa. Cefanen sauran watanni daga gyara yake fitowa.

Na faɗi wannan ne saboda na san halinmu a Fagge. Yaro yana iya ɗinka kaftani sai ya fara jin ya fi ƙarfin faci, ya tura mai gyara wajen masu yawo da keke a kafaɗa. Wanda ya zo rage ƙafar wando yau, idan ya ga aiki mai tsafta, shi ne zai kawo shaddar angwancinsa gobe.

Darasi na biyar: sutura a yanka take da yadi

Baba ba ya karɓar ɗinkin banɗalon na mata, kuma dalilinsa tsoron fitina ne da hukuma. A lokacin akwai sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991, wanda ya tanadi bulala har 40 ko tara ga wanda ya yi shigar da ta saɓa wa tarbiyya, amma bai fayyace wace shiga ce ba. Sai hukuncin ya koma ga idon ɗan sandan da ka gamu da shi. A watan Yulin 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Ahmad Husaini tare da wasu mata a wani gidan abinci a Khartum saboda sun sa wando. Tana aiki da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da kariya daga shari'a, amma ta ajiye aikin don a gurfanar da ita, ta kuma je kotu sanye da faffaɗan wandon da aka kama ta da shi. A watan Satumba aka ci ta tarar fam 500, ta ƙi biya, aka kai ta kurkuku, ƙungiyar 'yan jarida ta biya aka sake ta washegari. Sai a watan Nuwamban 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta soke dokar kula da tarbiyyar jama'a.

Ni ina cikin masu son a kiyaye sutura, amma zaman shago ya nuna min inda ake kuskuren kama zaren. A Kano riga da wando da hijabi shi ne yunifom ɗin 'yan mata a makarantu da yawa, har da Islamiyya, kuma babu wanda ya ce sun yi tsiraici. Matan Pakistan da wando suke zuwa Hajji. A ɗaya ɓangaren, akwai siket da doguwar riga da aka matse su, ko aka yi su da yadi shara-shara, waɗanda ba su rufe komai ba. Abin dubawa shi ne faɗi da kauri da tsawo, abubuwan da tela yake aunawa da tef. Duk dokar da ta bar wannan a dunƙule, talaka ce take shan bulalarta, domin mai gata tana da wanda zai yi waya a sake ta.

Darasi na shida: sana'ar hannu ba ta zama a gari idan mai ita ya tashi

Na riga na dawo gida lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Ɗalibanmu da ke can an kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Fot Sudan kafin a ɗauko su a jirgi. A watan Nuwamban shekarar faɗa ya isa Jabal Awliya, RSF ta kama garin, gadar da ke kan madatsar ta lalace, kuma sai a watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwato shi. Baba ya fita da iyalinsa zuwa Kosti. Ya bar shago da teburi da yadin mutane, amma ya kwance kan kekensa daga ƙafarsa, ya naɗe shi a bargo tare da almakashi da tef. A can wani maƙeri ya haɗa masa abin juyawa da hannu, ya zauna a bakin kasuwa. Waɗanda suka gudo da tufafin jikinsu kawai ba sabon ɗinki suke nema ba, faci suke nema da rage wandon da aka ba su sadaka. Aikin nan da abokansa suka raina shi ya ciyar da gidansa, a lokacin da ma'aikata masu digiri suka yi watanni babu albashi.

Saboda haka kirana ga matasan teloli a Kano da Zariya da Maraɗi shi ne su koyi sunayen nan na Ingilishi da Faransanci da Larabci, don kasuwa ta faɗaɗa kuma mai saye yana zuwa da hoto daga ko'ina. Amma su riƙe awo da kyau, su tambayi mai kaya aikinsa, su koyi yankan buje da tsala da kamun ƙafa daga tsofaffin da suka rage, kada kuma su kori mai gyara. Iyaye masu tura 'ya'ya karatu waje, ku haɗa musu da sana'ar hannu kafin su tafi. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar da mutanen Jabal Awliya gidajensu.